Ba kowane ciwon baya ne basir ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan uwana da ke neman halaliya a nan Legas, musamman waɗanda jarinsu shi ne ƙarfinsu: 'yan dako, 'yan ga-ruwa, masu turin baro da amalanke, direbobin tirela da tanka, da masu gadi. Ni dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12. Na zo garin nan daga Ɗanja a 1996, kuma kafin Allah ya kai ni ga dillanci na yi shekara 11 gammo bai sauka daga kaina ba. Don haka ciwon baya ba labarinsa aka ba ni ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da idona ya gani ranar Talatar da ta wuce. Mota ta iso daga Arewa tun kafin kiran assalatu, ana sauke mata kaya da hasken fitilar waya. Wani yaro da bai wuce shekara 22 ba ya sunkuya a saman mota ya ciccibi kwando, ya murɗa jikinsa zai miƙa wa na ƙasa, sai kawai ya ƙame a wurin. Ko ihu bai yi ba. Ya saki kwandon, ya dafe kwankwasonsa da hannu biyu, baki buɗe yana neman numfashi, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin asuba. Kafin a sauko da shi har an gama yanke hukunci. Wannan ya ce basir ne ya taso masa. Wancan ya ce ai dama ya cika shan zaƙi, kullum da lemon kwalba a hannu. Wani ya ruga wajen mai agbo, wato jiƙon gargajiya na Yarabawa, wani ya nufi kemis a haɗo masa na gajiya. Duk taron nan babu wanda ya dubi kwandon da ke yashe a ƙasa, tumatir ya watse ko'ina, ya ce ga mai laifin nan. An bar jaki ana dukan taiki.

Na tsaya ina kallonsa, kaina nake gani.

Nawa ya faro ne a hankali wajen 2003. Da farko in na tashi da asuba sai in ji bayan ya riƙe, sai na yi 'yan taku kafin ya sake. Daga baya ruku'u ya fara yi mini wuya, in na duƙa sai na dafa gwiwa sosai kafin in ɗago. Na faɗa wa manyanmu, suka ce basir ne. Duk wanda ya zauna a Kurmi ya san maganar nan. Mu muna cewa basir, ko rana, ko sanyi, maƙwabtanmu Yarabawa suna cewa jedi-jedi, kuma a wajenmu duka abu ɗaya ake nufi: wata cuta da aka ce tana kwance a jikin kowane namiji, zaƙi da maiƙo ke tayar da ita, ita ke kawo ciwon baya da kasala da rauni a shimfiɗar aure. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Na sha saiwa da sassaƙe iri-iri, na sha ɗaci har harshena ya gaji. Na bar sukari a shayi shekara uku. Wanzami ya yi mini ƙaho sau ba adadi, har yau tabon na nan jere a gadon bayana. Na sayi bel mai faɗi ina ɗaure ƙugu tamau. Duk wannan ina yi, amma kowace safiya ina komawa bakin mota in ɗauki abin da ya fi ƙarfina.

Abin da ya riƙe ni a tsaye shi ne haɗin kemis, ƙwayoyi biyar ko shida a ƙulle cikin leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba suna ba takarda. In na watsa su da ruwan leda, ko da ban karya ba, cikin rabin awa sai in ji kamar an kwance ni daga ɗauri. A daminar 2007 na ɗaga buhu na ji wani abu ya yi ɗas a kwankwasona, ciwo ya taso daga ɗuwawu ya bi bayan cinya da sha-raɓa har ɗan yatsan ƙafa, kamar an jona mini wayar wuta. Maimakon in tsaya sai na ninka haɗin. Bayan 'yan makonni bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, jiri ya riƙa ɗibata, ranar wata Juma'a na yanke jiki na faɗi a wurin alwala. A asibitin gwamnati aka ƙara mini jini leda biyu. Likita ya ce ƙwayoyin nan ne suka cinye mini ciki har ya yi gyambo yana zubar da jini. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da na farfaɗo ya ba ni takarda zuwa asibitin ƙashi na Igbobi, wanda ke kan titin Ikorodu, ɗan'uwan na Dala da ke Kano.

A can, a sashen gashin ƙashi, na haɗu da wata ma'aikaciya Bayarabiya mai ɗan jin Hausa, ta ce a Zariya ta yi bautar ƙasa. Tambayarta ta farko ita ce: "Malam, me kake ɗauka? Nauyinsa nawa? Sau nawa a rana?" Edita, shekara huɗu ina yawon neman magani, babu mahaluƙin da ya taɓa yi mini wannan tambaya. Kowa abin da nake ci yake tambaya.

Ta jawo wani ƙashin baya na roba da ke rataye a jikin ƙarfe, ta ɗora shi a kan tebur tsakaninmu. Ashe ƙashin baya ba sanda guda ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 aka jera wani kan wani, 7 a wuya, 12 a inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a kwankwaso, sauran kuma sun manne da juna a can ƙasa. Biyar ɗin nan na kwankwaso su suka fi kauri, domin duk abin da ke sama, da nauyin jikinka da wanda ka ɗora a ka, a kansu yake sauka. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi, gefensa da tauri, cikinsa da laushi. Ta tsaya tana neman kalmar da za ta faɗa mini, sai ta nuna kaina ta ce, "Wannan da kuke sawa a ka." Na ce gammo. Ta ce to shi ne, Allah ya yi wa kowane ƙashi gammonsa. A bayan waɗannan faya-fayai akwai ramin da laka ke bi, jijiyoyi na fita ta gefe-gefe suna sauka ƙafafu. Sai ta lanƙwasa robar gaba, ta murɗa ta gefe, daidai yadda muke yi in za mu miƙa kaya daga mota. Wani ɗan jan abu ya ɓullo daga tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar ya danne wani zare ruwan ɗorawa. Ta ce, "Ga abin da ya same ka." Zaren nan reshe ne na jijiyar da ta fi kowace girma da tsawo a jikin ɗan Adam, wadda ke bi ta ɗuwawu har tafin ƙafa. Shi ya sa matsalar na kwankwaso amma ihun na ƙafa. Kuma a wannan gaɓa da wadda ke ƙasanta faifai ya fi yawan fitowa.

Gani ya kori ji. Ranar na gane shekara huɗu na yi ina yi wa dubura magani alhali ɓarnar na sama.

Kada wani ya ce na ce babu basir. Akwai shi, kuma ciwo ne mai wahalarwa. Jijiyoyin jini ne na bakin dubura ke kumbura, yawanci saboda taurin bayan gida da yawan yunƙuri, ko juna biyu ga mata. Alamarsa jini bayan an yi bayan gida, ko ƙaiƙayi, ko tsiro. Ba ya hawa ƙashin baya, ba ya saukar da ciwo zuwa yatsan ƙafa. Mutum na iya haɗa su biyun lokaci guda, kamar yadda zai iya haɗa mura da targaɗe, amma ba za a ce mura ce ta kawo targaɗen ba. Rage zaƙi abu ne mai kyau, ni ma har yau ban koma masa kamar da ba, sai dai barin sukari bai taɓa rage nauyin buhu ba.

Haka kuma ba kowane mai ciwon baya ne faifansa ya fito ba. Masana sun ce kusan tara cikin goma na masu ciwon kwankwaso, in an bincika ba za a sami wata cuta guda da za a nuna a ce ga ta ba. Tsoka ce ta gaji ko ta ɗaure, ko agarar da ke riƙe gaɓa ta ja, ko ƙananan gaɓoɓin baya suka ji jiki. Irin wannan yawanci cikin mako huɗu zuwa shida yake lafawa, in dai an daina tsokanar sa. Matsalarmu ita ce sana'armu kanta tsokanar ce, kullum safiya.

A duba ɗan ga-ruwa. Kurarsa na ɗaukar jarka 10, kowace lita 25, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kilo 250 ke nan yake turawa a kan titin da ya farfashe, in ya isa gida ya ɗauki biyu-biyu, kilo 50, ya hau bene hawa uku, ya sauko ya sake. A duba direban da ya taso daga Funtuwa ya bi Birnin Gwari da Tegina da Mokwa da Jebba da Ilori har Legas, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci a zaune, kujera na jijjiga shi kamar ana tankaɗe, in ya iso kuma ya shiga layin tashar jiragen ruwa ta Apapa ya kwana a duƙunƙune a gaban mota. Dogon zama da jijjiga suna cin baya kamar yadda ɗaukar kaya ke ci, sai dai su a ɓoye suke yi. A duba telan da ke yawo da keke a kafaɗa ɗaya daga safe har la'asar, da maigadin da ke kwana zaune a benci marar majingina, da ma'aikacin ofis da ke yin awa biyu a kan kujerar motar haya ta danfo kafin ya je ya yi awa takwas a gaban kwamfuta. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, sannan ta ƙara wasu huɗu a Satumba har da Kosofe inda kasuwarmu take, yara da yawa suka ajiye babur suka shigo dako. Jikin da ya saba zama kan sirdi aka ɗora wa buhu rana ɗaya, ba koyo ba sabo. Su ne suka fi saurin karyewa a cikin waɗanda nake gani.

Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada a riƙa ɗora wa namiji baligi kayan da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Buhun siminti kilo 50 ne. Babban buhun albasa kuwa, duk wanda ya taɓa ɗora shi a sikeli ya san ya ninka na siminti, kuma mutum ɗaya muke aza wa a wuya, ya bi da shi ta cikin taɓo da santsin ruɓaɓɓen ganye. In ya kai lafiya mu ce jarumi ne. In ya faɗi mu ce basir.

Matanmu ma ba su tsira ba, sai dai su ba a jin kukansu. Maiɗakina ta yi shekaru tana fama, ana ce mata sanyi ne. Da na fara lura sai na ga yininta gaba ɗaya a sunkuye take: shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a baho a ƙasa, murhu a ƙasa, ga goyo a baya, wani lokacin ga ciki a gaba. Na sa aka ɗaura wa tsintsiyar sanda, na sa kafinta ya yi mata ɗan tebur na wanki da na girki. Kuɗin da na kashe bai kai na maganin sanyin da muke saya a wata biyu ba, kuma ita da bakinta ta ce ta ga bambanci.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da sikeli. Wanda ya kwana a kan kwali a rumfa, barcin awa uku, ransa na kan kuɗin haya da kuɗin taki da za a aika gida, jikinsa ba ya samun damar gyara abin da yini ya ɓata. Damuwa da ƙarancin barci suna ƙara wa ciwo kaifi, suna kuma sa ya daɗe. Taba sigari ma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna da hannu, haka ƙiba. Shekaru kuma na da nasu rabon, faifan nan yana bushewa yana sirancewa yayin da mutum ke manyanta, kamar yadda furfura ke fitowa.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini rai, wanda saboda shi ne na ce ko ba komai sai na rubuto. A 2016 na ɗauko ɗan yayata daga gida, yaro ɗan shekara 19, don ya taya ni tsaron rumfa. Ba ya dako, littafi kawai yake riƙe mini. Bayan wani lokaci ya fara kukan baya. Ni da na riga na san basir ba ya kawo haka, sai na faɗa wani kuskuren daban, na ce gajiya ce da kwanan benci, na saya masa katifa. Abokansa kuma suna ba shi agbo a bayan idona. Amma ciwon nasa ba irin nawa ba ne. Nawa in na kwanta yana lafawa, nasa da dare ya fi tashi. Da yamma zazzaɓi ya rufe shi, cikin dare ya jiƙa shimfiɗa da gumi, abinci ya fita ransa, wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Mun yi maganin maleriya, mun yi na taifot, mun sake yi. Wata biyar muna wannan. Ranar da na ga yana wanka a bayan rumfa, na hangi wani ƙulli ya turo a tsakiyar gadon bayansa kamar gwiwar yatsa, kuma yana jan ƙafa in zai hau dakali, ranar hankalina ya tashi. A asibiti aka ce tarin tibi ne ya kama ƙashin baya. Na ce ai ba ya tari. Likita ya ce ƙwayar cutar ba a huhu kaɗai take zama ba, tana bin jini ta sauka a ƙashi ta riƙa cinye shi har ya rufta, in an makara ta danne laka ƙafafu su shanye. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati a duk faɗin ƙasar nan. Ya sha na shekara guda, Allah ya tashi kafaɗunsa, yau yana noma yana da 'ya'ya biyu. Amma ƙashin da ya rufta bai koma ba. Na karɓo shi daga hannun uwarsa a miƙe, na mayar mata da shi da ɗan doro. Ba ta taɓa faɗa mini magana a kai ba, ni ne dai ban daina tunawa ba.

Saboda haka ina roƙon duk mai karanta wannan, don Allah ya riƙe waɗannan alamu ya kuma faɗa wa wanda bai iya karatu ba. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama ba dalili, ko wanda ba ya lafawa ko an kwanta, ba na kemis ba ne. Wanda ya biyo bayan faɗowa daga mota ko bene ko haɗarin hanya, a fara ɗaukar hoto kafin kowa ya taɓa shi da sunan ɗori ko tausa. Dattijon da bai taɓa ciwon baya ba sai ga shi ya fara, musamman in fitsari na yi masa gardama, ko wadda aka taɓa yi wa maganin ciwon daji, su je a duba, domin daji na iya yaɗuwa zuwa ƙashi. Mafi gaggawa duka: in fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba da sanin mutum ba, ko tsakanin cinyoyi da dubura ya sage ba ya jin taɓi, ko ƙafafu biyu suna mutuwa, wannan ba a kwana da shi a gida. Jijiyoyin ƙasan laka ne aka danne, kuma awoyi ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. Ciwon ƙoda kuma, da mutane ke yawan laƙaba wa kowane ciwon baya, ya fi zama a gefe ɗaya can sama ƙarƙashin haƙarƙari, yakan zo da zazzaɓi ko zafin fitsari ko jini a ciki, in tsakuwa ce kuma ya riƙa murɗa yana saukowa mara.

Maganar ƙoda ta dawo da ni kan haɗin kemis. Daga baya na san abin da nake sha. Diclofenac da ibuprofen da piroxicam duk 'yan gida ɗaya ne. Guda ɗaya daga cikinsu, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki, bisa shawarar ma'aikacin lafiya, yana taimako ƙwarai. Amma a haɗa biyu ko uku a watsa wa cikin da ba komai, kullum, wata da watanni, wannan shi ke huda ciki ya kuma kashe ƙoda. Sau da yawa ana jefa dexamethasone a ciki, wanda ke sa mutum ya ji garau ya yi kumatu har a ce Legas ta karɓe shi, alhali yana rage ƙarfin ƙashi yana tayar da sukari da hawan jini. Sai uwa uba tramadol. Wanda hukuma ta amince da shi a asibiti mai lamba 50 ne da 100, amma wanda ke yawo a hannun yaranmu har da mai 225, irin wanda hukumar NDLEA ke kamawa kwantena-kwantena a tashar Apapa. Cikin yaran da muke kira 'yan ƙwaya a kasuwar nan, na san da yawa da ba neman maye ya kai su ba. Baya ne ya yi ciwo, ga mota ta iso, in bai sauke ba ba zai ci ba, wani ya miƙo masa rabin ƙwaya. Agbon da ake zuba mana a ƙaramin kofi a tasha shi ma a yi hattara, wani a ruwa aka jiƙa shi, wani a barasar ogogoro, kuma ba kowace mai sayarwa ke faɗa ba.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso, ana hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki a duniya. A watan Disambar 2023 ta fitar da jagora kan wanda ya wuce wata uku. Abin da ya ja hankalina a ciki shi ne abubuwan da ta ce kada a dogara da su: bel ɗin ɗaure ƙugu, da jan baya da na'ura, da ƙwayoyi dangin tramadol. Waɗanda ta ƙarfafa kuwa su ne a fahimtar da mai ciwo abin da ke damunsa, da motsa jiki, da tausa a hannun wanda ya sani, da kula da damuwar zuciya.

Kusan abin da matar nan ta Igbobi ta ɗora ni a kai ke nan shekara 16 kafin wannan jagora. Na tafi da tsoron za a ce sai an yi mini aiki, domin a kasuwa an cika mana kunne cewa duk wanda aka taɓa wa baya ya shanye. Ba a yi mini ba, kuma mafi yawan masu irin nawa ba sa buƙata, faifan kan lafa da kansa cikin 'yan watanni. Ta hana ni dogon kwanciya. Ta ce kwana ɗaya ko biyu in ciwon ya yi tsanani, daga nan in tashi in riƙa takawa ko da daga rumfa zuwa masallaci ne, domin kwanciya na ƙara sandarar da baya ta kuma raunana tsoka. Ta ce in riƙa gasa wurin da tawul da ruwan ɗumi. Ta koya mini in kwanta rigingine in jawo gwiwa zuwa ƙirji, in kuma kafa tafin ƙafa in ɗaga ƙugu sama in riƙe, safe da yamma. Ta sa na ɗaga kwali a gabanta sau goma har sai da na iya: a matso da kaya jikin mutum, a durƙusa da gwiwa, a miƙe da ƙarfin cinya, in za a juya a juya da ƙafa ba da ƙugu ba. Ta kuma ce kada in tayar da hankali kan hoton MRI mai tsada, domin mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai in aka ɗauke su za a ga faifansu ya ɗan turo, don haka likita ne zai ce ga wanda ke buƙata. Wata uku na yi kafin ƙafar ta sake ni. A lokacin ina sallah a zaune ina jin nauyin hakan, sai limaminmu ya tuna mini hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda shi basir na gaske ne ya dame shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe.

Na san abin da ɗan dako zai ce in an karanta masa wannan: Alhaji, in na huta wa zai ciyar da ni? Gaskiyarsa, kuma shi ya sa kaso mafi girma na maganar nan namu ne, mu dillalai da masu kaya da shugabannin kasuwa. Mu ne ke biya bisa yawan abin da aka sauke, har yaro ya riƙa gudu da kaya don ya riga ɗan'uwansa. Mu ne ke son buhu ya ƙara girma saboda kuɗin mota. Kwandon roba da ya fara shigowa harkar tumatir kusan kilo 25 yake ɗauka, yana da mariƙi, ana jera shi wani kan wani, tumatir ba ya matsewa, baya ma ba ya matsewa. Me zai hana mu rungume shi gaba ɗaya? Me zai hana a ce buhun da ya wuce na siminti mutum biyu ne za su kama, ko a sa shi a baro? Katako mai ƙarfi da za a jingina a bakin mota a gangaro da kaya nawa yake? Kuɗin da ƙungiyoyinmu ke tarawa kullum zai iya ɗaukar nauyin gayyato ma'aikacin gashin ƙashi ko sau ɗaya a wata, ya zo da ƙashin robar nan ya nuna wa yara a harshen da suke ji.

Ku ma 'yan jarida da gidajen rediyo ina da roƙo gare ku. Masu lasifika a kan mota suna tallar kwalba ɗaya mai maganin basir da sanyi da ciwon baya da taifot da rashin haihuwa, kuma irin wannan talla muna jin ta har a wasu kafafen da muke girmamawa. Ku riƙa tantancewa. Ku ba likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi 'yan Arewa fili su yi bayani da Hausa, a kuma yanka shi gajere-gajere yadda zai yi yawo a WhatsApp, domin can ne yaranmu suke.

Yaron ranar Talata kuwa, na karɓe ledar haɗin daga hannun wanda ya sayo, na sa aka kwantar da shi a rumfata aka gasa masa bayan. Na tambaye shi ko ciwon na sauka ƙafa, ya ce a'a. Fitsari lafiya, ba zazzaɓi. Na aika aka sayo masa magani kala ɗaya a wajen mai ilimin haɗa magunguna, ya sha bayan ya ci abinci. Jiya na gan shi yana zagaya layin 'yan attaruhu a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Na ba shi littafina yana ƙirga mini kwanduna kafin ya warware, kuma mun yi da shi cewa in ƙafa ta fara sagewa ko mako shida ya cika bai ji sauƙi ba, ni da kaina zan sa shi a mota mu tafi Igbobi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naku mai karatu,
Wani dillalin tumatir,
Kasuwar Mile 12, Legas.